Daminar da Inji Biyu Suka Yi Gardama

Inna ba ta taɓa gane aikina ba, kuma ban ga laifinta ba. In maƙwabta suka tambaye ta, sai ta ce 'yarta tana aikin auna kogi. Wallahi ko ɗan yatsana ban taɓa tsomawa a kogin nan da sunan aiki ba. Ni dai zaune nake a wani ɗaki mai sanyin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a labon binciken da ke nazarin ruwan sama da na kogi a nan Yamai, ina renon wani tsohon lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, kamar mai renon kakarta.

Tsohon shef ɗinmu, wato shugaban labon, shi ne ya rubuta shi da hannunsa, tun ina 'yar lakwal, 'yar firamare mai kitso biyu. Aikinsa ɗaya ne. A zuba masa lissafin ruwan saman da ya sauka a garuruwan da ke sama da mu, can wajen Sirba da sauran ƙoramun da ke gangarowa kogi, shi kuma ya faɗi inda ruwa zai kai a Yamai nan da 'yan kwanaki. Na yi shekaru ina ganin wannan abu, amma har yau in na tsaya na yi tunaninsa sai tsigar jikina ta tashi. Ruwa ya zuba a wani ƙauyen da ban taɓa zuwa ba, a kan gonar mutumin da ban sani ba, bai ma gama gangarowa ba, ga shi kuma a gabana a kan ekran, wato fuskar kwamfuta, an ce ranar kaza zai iso gada. Kuma ya iso! Ikon Allah ke nan, da Ya ba ɗan Adam wannan basira.

Matsalar ita ce injin da lojisiyel ɗin yake ciki. Ordinater ce, wato kwamfuta, da aka saya tun zamanin disket, farinta ya koma ruwan ƙwai, in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin niƙa. Sistem ɗin da ke tafiyar da ita kuwa, duk garin nan ban san wani biro, wato ofis, da ke amfani da shi ba. Kowa ya san wata rana za a danna ta ta ƙi tashi. Saboda haka sabon shef, wani matashi mai zafin nama da ya dawo daga karatu, ya kira ni ya ce in kwashe lojisiyel ɗin in mai da shi kan sabon inji mai wani sistem dabam. Ya faɗe shi a tsaye, da makullin mota a hannu, kamar wanda ya ce in ɗauko masa kujera daga wancan ɗaki.

Ai ba haka abin yake ba. Lojisiyel rubutu ne da mutum ya yi, inji kuwa ba ya jin maganar mutum. Sai an samu wani abu a tsakani da zai juya rubutun ya koma yaren inji, mu kan ce masa kompilater, ni kuwa tafinta nake ce masa. Kowane sistem da nasa tafinta, kowane tafinta da nasa hali. Na tsohon injin mai kawaici ne, ko ka yi magana rabi zai ƙarasa maka. Na sabon kuwa ɗan ƙa'ida ne, mai baƙin rai. Ranar da na fara miƙa masa rubutun dattijon nan, tsohon shef ɗinmu, ƙorafin da ya zubo mini ya cika ekran ya yi ta gudu, na zauna riƙe da haɓa ina kallo.

Duk bazarar nan a kansa na ƙare. In gyara nan, can ya ɓalle. Wani guntun ya ce shi ba ya aiki sai da wani ɗan'uwansa, in je neman ɗan'uwan in tarar masu shi sun daina kula da shi tuntuni. In samo madadinsa, intanet ta yi ta jan ƙafa, yana dab da gama saukowa kuran, wato wutar lantarki, ya tafi. Akwai ranar da na zagi injin nan zagin da in Inna ta ji sai ta wanke mini baki da sabulu. Amma akwai kuma ranakun da nake mantawa da yunwa, ina bin rubutun dattijon layi-layi. Mutum ɗaya, a lokacin da ba wanda zai tambaya, ya zauna ya tsara yadda ƙasa ke shan ruwa, yadda take ƙoshi, yadda ragowar ke bin gangare har ya tarar da kogi. Ina karantawa ina cewa, kai, bawan Allah nan wane irin kai gare shi?

Da ƙyar da siɗin goshi ya haɗu. Na gwada shi da lissafin watannin rani da muke ciki, tsoho da sabo suka ba da amsa ɗaya, ba bambancin ko ɗigo. Na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗakin. Shef ya ce to madalla, a kashe tsohuwar ordinater a kai ta magaza, ɗakin ajiya.

Na ce a'a. Akwai wata al'ada da dattijon ya bar mana a labon, ba a rubuce take ba, amma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya san ta: ba a sallamar tsohon abu sai sabon ya yi damina guda a gefensa. Ko ma'aunin ruwa aka sauya, sai an kafa sabon kusa da tsohon su sha ruwan shekara tare. Shef ya yi dariya, ya ce mu dai mutanen tsoho ba ma rabo da tsarabe-tsarabe. Amma ya bar ni. Na jera su a tebur ɗaya, kullum da safe in ba su abinci iri ɗaya, in ji abin da kowa zai ce.

Farkon damina lafiya lau. Da ruwa ya zauna sosai sai suka fara saɓawa, kaɗan-kaɗan, har na ɗauka ba komai ba ne. Kafin watan Agusta ya raba, abin ya zama gardama sosai. Aka yi ta ruwa a sama da mu ba ƙaƙƙautawa, kogi ya rine ya yi ja. Wata safiya tsohuwar ta ce cikin mako mai zuwa ruwa zai haura digi, wato bangon ƙasar da aka yi wa kogi don ya tsare unguwannin ƙetare. Sabon ya ce ina, ko kusa ba zai kai ba.

A bayan wannan digin Inna take, a unguwar Haro Banda, cikin gidan ƙasar da mahaifinmu ya gina kafin ya rasu.

Shef ya duba amsoshin biyu ya ce ai magana a fili take. Injin da ya kusa mutuwa ne yake sambatu, amsar sabon za mu aika wa masu sanar da jama'a. Ban iya musa masa ba, don ni ma ban san wanda ke da gaskiya ba. Sabon aikin hannuna ne, na san wahalar da na sha a kansa. Tsohuwar kuwa ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Na roƙe shi ya ba ni zuwa gobe da azahar.

Da la'asar na hau taksi na ƙetare gada. Na tarar da Inna tana tsinke zogale a tsakar gida, awakinta na zagaye da ita. Na gaishe ta, na zauna, na ce ko za ta zo unguwar Kalley, can ƙetaren gada, wurin yayana ta ɗan kwana biyu.

Ta ce, “Me ya faru a Kalley?”

“Ba komai, Inna. Kogi ne nake tsoro.”

“Kogin ya ce miki zai zo?”

Na yi mata bayanin inji biyu. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai daina aiki ba, sannan ta ce, “Ke, ni ba a yi mini magana biyu. Shekara nawa ina gidan nan, kowace damina sai an ce ruwa, ruwa. In kwashe kayana a kan amalanke, unguwa na kallona, in je in takura wa matar ɗana, ruwa kuma bai zo ba? Je ki ki tambayo injinan naki su daidaita bakinsu. In kin dawo kin dube ni kin ce tashi, wallahi zan tashi. Amma ban da wataƙila.”

Raina ya ɓaci, don na san halinta, ko motar soja aka kawo ba za ta motsa ba. Na fito ina share hawayen haushi. A kan gada na sa mai taksi ya rage gudu. Ruwan ya cika fal, ja wur, yana tafe da ciyayi da rassan itace, ba ya ko ƙara. Shirun nan nasa ya fi komai ba ni tsoro.

Washegari da sassafe na buga amsoshin injinan biyu a takarda na nufi unguwar Maourey, gidan dattijon. Ya daɗe da ajiye aiki, idanunsa kuma sun yi rauni, sai dai ya gane mutum da murya. Na same shi a zaure a kan kujerar roba, da rediyo a cinya.

Ya ce, “A'a, 'yata, ke ce? Ince dai ba ku kashe mini tsohuwa ba?”

Na ce, “Tana nan da ranta, Baba, har ma tana rigima.”

Na zayyana masa komai. Na ɗauka zai ce ga layi kaza, je ki duba. Ina! Ya ce shi yanzu ko rubutun nan aka ajiye masa a gaba ba zai tuna rabinsa ba. Sai ya ce in karanta masa lambobin da baki, ba na kogi ba, na kowane mataki, rana bayan rana, in fara da tsohuwar. Na yi ta karantawa, ya rufe ido yana gyaɗa kai kamar mai sauraren karatun allo. Masu tallar koko na wucewa, babura na ta ƙara a titi, shi ko a jikinsa. Da na koma kan na sabon, ban yi nisa ba ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Maimaita mini laimar ƙasa.”

Na maimaita.

“Ta jiya fa? Ta shekaranjiya?”

Na karanta masa.

Ya buɗe ido ya ce, “Ke 'yata, wace irin ƙasa ce wannan? An kwana ana ruwa a kanta, ta wayi gari da ƙishirwa kamar a tsakiyar rani? Ƙasar sabon injin naki ba ta ƙoshi.”

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na sake duba takardar. Ga shi nan ƙuru-ƙuru: a tsohon injin, laimar da ƙasa ta kwana da ita, da ita take tashi, ta yau ta hau kan ta jiya har ƙasa ta ƙoshi ta fara tura ruwa kogi. A sabon kuwa kowace safiya ƙasar a bushe take farawa, ta shanye ruwan ranar, ta bar wa kogi ɗan abin da ya rage. Shi ya sa da rani suka yi baki ɗaya, lokacin ƙasar duka a bushe take, ba abin da za a tuna.

Na ce, “Baba, a ina ka gaya masa ya riƙe laimar jiya? Ban ga wurin ba.”

Ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, “Ban gaya masa ba. Ban taɓa gaya masa ba! A zamaninmu ba a faɗa. Abin da ka ajiye a wuri, nan za ka dawo ka same shi. Ke in kin rufe sauran tuwo da dare, sai kin ce wa tukunya ta ajiye miki ɗumame?”

Ashe hali ne na tsohon tafinta. Duk abin da aka lissafa, yakan bar shi a inda yake har a dawo gare shi. Sabon kuwa da ya gama aikin rana yake share wurin, sai in an ce masa kada ya share. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa tarbiyyar zamaninsa ya bi. Shekara da shekaru garin nan yana dogara da wani alheri da inji ke yi a ɓoye, wanda ba wanda ya roƙe shi, har shi mai rubutun bai san yana cin moriyarsa ba. Na zauna a zauren nan ina ta maimaita subhanallahi.

Ya ce, “Zaman me kike yi? Tashi mana!”

Ban tsaya neman taksi ba, kabu-kabu na hau, ni da ban yarda da babur ba. Na isa labo gyalena a hannu. Gyaran bai fi layi ɗaya ba, na gaya wa tafinta a fili cewa wannan laima a riƙe ta, kada a taɓa. Na bi sauran rubutun ina neman irin wurin, na samu wasu, na gyara su. Na sake haɗa lojisiyel ɗin, na zuba masa ruwan daminar tun daga farkonta. Na tsaya a gaban ekran ina jira. Tsohuwar na gefe tana gurnaninta.

Da amsar ta fito na ɗora takardar sabon a kan ta tsohuwar, na ɗaga su wajen hasken taga. Layukan hawan kogi da injinan biyu suka zana sun hau kan juna kamar ɗaya. Inji biyu, tsakaninsu shekaru masu yawa, ba su jin yaren juna, ga su sun faɗi magana ɗaya. Wata uku ina jiran wannan rana, na ɗauka in ta zo guɗa zan yi. Amma maganar da suka haɗu a kanta ita ce ruwa zai haura digi.

Shef, in faɗi gaskiya, bai tsaya jayayya ba. Ya dubi takardun, ya dube ni, ya ce, “Madam, kin tabbata?” Na ce na tabbata. Nan take ya ɗauki waya ya kira waɗanda ya kamata a kira. Ni kuwa na ɗauki jakata na ƙetare gada.

Inna na alwalar azahar na shiga. Na jira ta idar da salla. Ban zauna ba, na tsaya a gabanta na ce, “Inna, tashi.”

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. “Sun daidaita?”

“Sun daidaita.”

Ta naɗe dardumarta, ta ce in kira yayana ya zo da masu amalanke. Kafin magariba ta leƙa gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana cewa 'yarta mai auna kogi ta ce a tashi. Wasu suka bi ta, wasu suka ce sai sun gani. Muka kwashe abin da ya kwasu, da awaki, da buhunan hatsi, da akwatin tufafin mahaifinmu. Ta kulle ƙofar da kanta, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Rana ta fito tarwai, ko gajimare babu a Yamai. Inna na zaune a Kalley a ɗakin jikokinta, duk sanda na shigo sai ta dubi sama ta dube ni. Ni kaina na fara cewa anya. Kullum da safe in ba injinan lissafin sabon ruwa, kullum su ce yana nan tafe. Ruwan da suke magana a kai ya riga ya sauka tuntuni a can nesa, hanya kawai yake ci.

Ya zo kuwa. Cikin dare digi ya ɓalle ta wajen gonakin shinkafa, kafin asuba ruwa ya shiga unguwa. Alhamdu lillahi sanarwa ta riga ta zaga, mutane da yawa sun fita da ƙafafunsu.

Da ruwan ya tsaya da hauhawa, Inna ta ce sai ta je ta ga gidanta. Yayana ya yi faɗa, na yi magiya, ta ce ko mu raka ta ko ta tafi ita kaɗai. Muka sami wani mai kwalekwale a inda kwalta ta nutse, ya ɗauke mu ni da ita. Muka bi layinmu a cikin jirgi, layin da na yi wasan gaɗa a cikinsa. Ga shagon mai gawayi, rufin kawai ake gani. Ga masallacin unguwa, ruwa har taga. Ko'ina tsit, sai ƙarar sandar mai jirgi, da wasu fararen tsuntsaye da suka jeru a kan katangar maƙwabcinmu. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro da kyau a lokaci guda irin wannan ba.

Ƙofar gidanmu na nan a tsaye, a kulle. Katangar da ke gefenta ce babu, ta nan mai jirgin ya shigar da mu tsakar gida. Ɗakin Inna ya zube. Bangon gabas ya kife gaba ɗaya a kan gadonta na ƙarfe, wanda muka bari don ya fi ƙarfin amalanke. Ƙafarsa ɗaya ce kawai ta leƙo daga cikin laka, a lanƙwashe.

Inna ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta tambayi mai jirgin, da Zabarmanci, ko ya san lokacin da ɗakunan layin nan suka faɗi. Ya ce ranar farko ne, da asuba, kafin a kira salla.

Ta gyaɗa kai. Ta lalubo hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta riƙe shi gam, har sai da na ji zafi. A hankali ta ce, “Irin wannan lokaci ban tashi daga gadon nan ba tukuna.”

Ta ce wa mai jirgin ya juya mu koma.